Zan je Kwapanhagan a Nuwamba, wace shiga zan yi don kada in fita zakka?

"Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a Katsina. Wurin aikinmu ya zaɓe ni zuwa wani taro na kwana 10 a Kwapanhagan, babban birnin Denmak, a tsakiyar watan Nuwamba. Ban taɓa zuwa Turai ba. Na duba hotunan mutanen garin a intanet, na ga kowa tsaf-tsaf, ga iya sa kaya, sai gabana ya faɗi. Ni kayana atamfa ne da leshi da abaya, kuma ba na fita sai da hijabi. Ba na son in zama abin kallo, ba na kuma son in bar suturata. Me zan saya, me zan bari a gida? Kuɗin da ke hannuna ba su da yawa."

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanya alheri a wannan tafiya, ya kai ki lafiya ya dawo da ke lafiya. Idan na fahimce ki, so kike ki shiga cikin mutanen garin ki saje da su, da hijabinki a kanki, kuma ba tare da kin ƙarar da guzurinki a kanti ba. Wannan abu ne mai yiwuwa, ya ma fi sauƙi a kan yadda kike tsammani.

Ni tela ce. A Kano na koyi ɗinki, a kan keken mahaifiyata, aure ne ya kawo ni Kwapanhagan shekara 11 da suka wuce. Tun a shekarata ta biyu nake aiki a wani shagon gyaran kaya: rage tsawon wando, sauya zif, sake wa kwat shafi. Kayan mutanen garin nan ta hannuna suke bi, ina juya su ciki da bai, don haka abin da zan gaya miki daga teburin aiki na samo shi.

Hotunan da suka tsorata ki

Yawancin hotunan da ke fitowa idan aka nemi shigar mutanen Kwapanhagan a intanet, a makon baje kolin tufafi ake ɗaukarsu. Sau biyu ake yinsa a shekara, ɗaya a ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu, ɗaya a Agusta. Waɗanda kika gani cikin riguna masu launin rawaya da hoda da furanni, galibi masu harkar ne, sun yi shiri na musamman domin kamara. Gaskiya ne garin yana da kamfanoni masu son launi, irin su Ganni da Stine Goya, kuma da bazara 'yan mata kan sa doguwar riga mai fure su haɗa da kambas. Amma ke a Nuwamba za ki zo.

Idan kin iso, ki samu safiya ɗaya ki tsaya a gefen gadar Dronning Louises Bro, wadda ta haɗa unguwar Nørrebro da tsakiyar gari, da misalin ƙarfe 8. Dubban mutane ne za su wuce ki a kan keke, suna tafiya aiki. Ki lura da abin da ke jikinsu: baƙi, shuɗi mai duhu, ruwan toka, ruwan ƙasa, jifa-jifa kore mai duhu. Doguwar kwat, ƙaton mayafin ulu naɗe a wuya, wando mai faɗi, takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa. Launi mai haske, idan akwai, a wuri ɗaya yake, ko hula ko mayafi ko jaka. Za ki kuma ga abin da zai kwantar miki da hankali: kayan sakakku ne, dogaye, sun rufe jiki daga wuya har idon sawu. Mace mai hijabi ba ta da nisa da wannan shiga ko kaɗan.

Abin da ya sa suke shiga haka

Na fi son ki gane dalilin, domin idan kin gane shi ba sai kin kwaikwayi kowa ba, da kanki za ki zaɓi abin da ya dace.

Babban dalili yanayi ne. A tsakiyar Nuwamba zafin rana bai cika wuce digiri 7 ko 8 ba, da dare kuma yakan sauka zuwa 3 ko ƙasa da haka. A takarda wannan bai yi kama da abin tsoro ba, za ki ce ai hunturun Katsina ma yakan matsa da asuba. Sai dai sanyinmu busasshe ne, kuma da hantsi rana ta fito ta gasa jiki. Na nan jiƙaƙƙe ne. Garin a bakin teku yake, ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce ba tsaunin da zai tare iska, ga yayyafi da kan wuni yana sauka, ba ya tsananta ba ya ɗaukewa. Rana takan fito wajen ƙarfe 8 saura, ta faɗi wajen ƙarfe 4 na yamma, kuma sau da yawa tsakanin nan ba a ganin ƙwayarta. Suna da wata magana da kowane yaro ya sani, cewa babu mummunan yanayi, sai dai mummunar sutura. Da gaske suke yi. Za ki ga 'yan makarantar reno an jero su a titi cikin ruwa, kowanne cikin rigar sanyi mai haɗe da wando wadda suke kira flyverdragt, ba wanda ya ce a fasa fita.

Sai keke. Kusan rabin tafiye-tafiyen zuwa aiki da makaranta a garin nan a kan keke ake yinsu, har da manyan ma'aikata da 'yan majalisa. Wanda zai tuƙa keke kilomita biyar cikin iska ba zai sa takalmi mai tsini ba, ba zai sa siket ɗin da ya ɗaure masa gwiwa ba, ba zai riƙe jaka a hannu ba. Daga nan wando mai faɗi ya samo asali, da jakar goyo, da jaka mai dogon igiya da ake ratayawa ta ƙirji. Ko lema ma ba su cika ɗauka ba, iska ke juya ta, kuma ba a tuƙi da ita. Rigar ruwa suka fi yarda da ita, shi ya sa kamfani irin Rains, wanda aka kafa a garin Aarhus a 2012, ya yi suna da rigar ruwa kawai.

Dalili na ƙarshe a ɗabi'a yake, kuma shi ne ya fi ba ni wahalar ganewa. Akwai abin da suke kira dokar Jante. Ba dokar gwamnati ba ce, wani marubuci ne, Aksel Sandemose, ya zayyana ta a littafinsa na 1933, yana kwatanta halin mutanen wani ƙaramin gari da ya ƙirƙira. Ta farkon dokokin goma cewa take yi kada ka ɗauka kai wani ne. Shi ya rubuta ne yana sukar halin, kuma 'yan ƙasar kansu suna yawan ƙorafi a kai, amma har yau yana nan a jininsu: ba a nuna arziki a jiki. Mu a wurinmu kwalliya girmama taro ce. Idan aka gayyace ki kika je ba ki caɓa ado ba, kin raina mai gayyata. Su kuma wanda ya fi kowa ƙyalli a ɗaki shi ne ake jin kunya a madadinsa. Shugabar ma'aikata da sakatariyarta ba za ki bambanta su ta tufafi ba, sai dai ta ingancin yadin idan kina da idon tela.

Akwai wata dattijuwa da ta kawo mini kwat ɗin ulu mai ruwan toka in sake mata shafi. Da na farke, sai na ga ɗinkin hannu biyu daban-daban a ciki, alamar an taɓa sauya shafin har sau biyu kafin ni. Gwiwar hannun ta ɗan yi sheƙi saboda tsufa, maɓalli ɗaya ba irin sauran ba ne. Ta ce tun kafin ta haifi autarta take sa ta, autar kuma a lokacin tana jami'a. Kuɗin gyaran da ta biya zai saya mata sabuwa a kantin masu araha, ta sani, amma ba ta so. Daga baya na ji ashe babbar likita ce. Wannan kwat ta koya mini shigar garin nan fiye da duk wata mujalla.

Kwat da takalmi, nan kuɗinki za su tafi

A kwana 10 ɗin nan, duk wanda zai gan ki a titi kwat ɗinki zai gani da takalminki da abin da ke kanki. Sauran duk a ɓoye suke. Saboda haka kada ki raba kuɗinki a kan kaya kala goma, ki tattara su a kan waɗannan biyun.

Kwat ta zama doguwa, ta wuce gwiwa, gara ma ta kai tsakiyar ƙwauri. Wannan shi ne yayin garin, kuma ya yi daidai da suturarki. Launi mai duhu, mara ado, mara ƙaton tambari a ƙirji ko a baya. Kina da zaɓi biyu. Akwai ta ulu, wadda ta fi kyan gani a wurin taro, tana jure yayyafi amma ba ta jure ruwa mai ƙarfi. Akwai kuma mai kumburin nan da ake cusa wa gashin agwagwa ko zaren roba, ta fi ɗumi, ta fi sauƙin nauyi, idan kuma bayanta ba ya shan ruwa kuma tana da hula, to ta gama miki komai. Ga wadda ba ta saba da sanyi ba, ni ta biyun nake ba da shawara. Ado ba ya zama a jikin da ke karkarwa.

Idan za ki gwada, ki gwada ta a kan suwaita mai kauri, kada ki gwada a kan 'yar riga. Ki rufe ta har wuya, ki miƙa hannuwanki gaba kamar za ki kama kan keke. Idan ta ja ki a kafaɗa ko hannun ya janye ya bar wuyan hannunki a fili, ta yi kaɗan. Ki zauna da ita a kan kujera. Ki duba 'yar takardar da ke ɗinke a ciki: idan an ce ta ulu ce, a samu ulun ya kai kashi 60 cikin 100 ko fiye. Da yawa suna da kamar ulu a ido, amma zaren roba ne zalla, iska na ratsa su kamar rariya.

Ba sai kin zo nan za ki saya ba. Kayan gwanjon da ake buɗewa a kasuwanninmu, irin Kofar Wambai a Kano, da yawansu daga ƙasashen sanyi suka fito, kuma dogayen kwat masu nauyi ba su da masu nema sosai a gida, don haka akan same su da rahusa. Ki ɗaga ta sama ta fuskanci haske ki nemi hujin asu. Ki duba hammata da bakin aljihu, nan shafi ke fara yagewa. Ki ja zif sama da ƙasa sau uku. Idan ta yi, ki kai ta wurin masu wankin kaya na zamani, ba a jiƙa ulu a bokiti a murza, ƙanƙancewa yake yi.

Takalmi kuwa ya zama rufaffe, mai kaurin ƙasa na roba, wanda ruwa ba ya shiga. Tsohon gari, wajen tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Nyhavn da lungunan da ke kewaye da Strøget, babban titin kantuna na masu tafiya a ƙasa, da ƙananan duwatsu aka shimfiɗe shi, idan sun jiƙe santsi gare su, kuma tsinin takalmi na maƙalewa a tsakaninsu. Baƙin takalmin fata mai rufe idon sawu shi ne na kowa, maza da mata, ana zuwa ofis da shi ana zuwa liyafa da shi. Kambas na fata ma ya yi, idan ba mai raga-raga ba ne. Ki ƙara rabin lamba ko lamba ɗaya a kan wadda kika saba, saboda safar ulu na cin wuri, kuma matsattsen takalmi ƙara sanyi yake yi. Ki fara sa shi a gida mako biyu kafin tafiya. Za ki yi tafiyar ƙasa a nan fiye da yadda kika saba, sabon takalmi kuma ba ya tausayin diddige.

Abin da ke ƙarƙashin kwat

A lokacin sanyina na farko a nan na yi kuskuren da kusan duk namu ke yi. Na jibga rigunan auduga masu kauri har uku. In na shiga jirgin ƙasa ko kanti sai gumi ya keto mini, in na fito audugar ta riƙe gumin ta yi sanyi ƙalau a bayana. Na yi makonni ina fama da mura. Abin da ban sani ba shi ne cikin gine-ginen nan da ɗumi. Kusan duk gidajen garin bututun ruwan zafi ne ke ɗumama su daga tashoshi na gari, ɗaki yakan kai digiri 21 ko 22. Wato a wuni ɗaya za ki riƙa shiga da fita tsakanin hunturu da bazara.

Maganin shi ne kaya marasa kauri, hawa-hawa, waɗanda za ki iya cirewa ɗaya bayan ɗaya. A jikin fata ki sa riga mai dogon hannu da dogon wando masu kama jiki, na ulu mai laushi ko na yadin ɗumi da ake yi musamman don haka. Ulu ko ya ɗan jiƙe yana riƙe ɗumi, kuma ba ya saurin wari, saiti biyu sun ishe ki kwana 10. A kansu rigarki ta yau da kullum, sai suwaita ko mai buɗaɗɗen gaba, sannan kwat. Safar ulu ƙafa uku, safar hannu, da mayafin wuya babba.

Ki tuna da alwala lokacin zaɓen rigar ciki. A Nuwamba azahar na shiga wajen ƙarfe 12, la'asar kafin ƙarfe 2, magariba wajen 4, duk ukun a cikin lokacin taro za su same ki. Hannun rigar ya zama mai naɗuwa har saman gwiwar hannu ba tare da kin tuɓe komai ba. Wannan ƙaramin abu ne, amma wadda ta taɓa kokawa da hannun riga hawa uku a bayin ofis ta san darajarsa.

Hijabi, da dokar da ya kamata ki sani

Hijabi ba laifi ba ne a Denmak. Za ki ga masu shi a asibiti, a kantin magani, a jami'a, a kan keke. Abin da doka ta hana shi ne rufe fuska a bainar jama'a. Dokar ta fara aiki ranar 1 ga Agusta 2018, ta shafi niƙabi da burƙa da duk abin da ke ɓoye fuska ba tare da dalilin da hukuma ta yarda da shi ba. Tarar farko kurona 1,000 ce, wato kuɗin ƙasar, tana hawa har 10,000 ga wanda ya maimaita sau huɗu. Jan mayafi a rufe hanci saboda tsananin sanyi yana cikin abin da aka yi wa uzuri. Ba ki ce kina sa niƙabi ba, amma na faɗa ne saboda sauran 'yan'uwa da za su karanta, kada wata ta sauka a filin jirgi ba ta sani ba.

Abin da zan ce ki sauya shi ne yadi da tsawo. Dogon hijabinmu mai kaiwa har ƙasa, na yadi mai santsi, iskar garin nan cika shi take yi kamar tanti, ta ɗaga ta manna miki shi a jiki, abin da kike gudu ya faru. Bakinsa kuma yana sharar ruwa. Gyalen shifon zamewa yake yi, ki wuni kina gyara. Abin da matan Musulmi na nan suka fi sawa shi ne mayafin jesi ko na auduga mai ɗan nauyi, launi ɗaya, a naɗa a kai da wuya, a sauke shi kan ƙirji, a tura bakinsa cikin kwat. Ki sa hular ciki mai rufe kunne, ta zame miki hular sanyi. Doguwar kwat ɗin ita za ta yi aikin da dogon hijabi yake yi miki a gida. Babban hijabinki ki ninke shi a jaka domin salla.

Abaya kuwa ki taho da ita, baƙa ko mai duhu, mara duwatsu. A ƙarƙashin doguwar kwat da baƙin takalmi, ba mai cewa ba daga kantin Strøget ta fito ba. Sai dai ki kai wa telanki ya ɗage ta, ta tsaya daidai idon sawu, kamar yatsa huɗu daga ƙasa. Wata baƙuwa da muka sauka a gidanmu ta fita da tata mai jan ƙasa, kafin ta dawo bakin ya sha ruwa har kusan tsakiyar ƙwauri, ya yi nauyi yana marin safarta, ga ruɓaɓɓen ganye manne da shi. A daren na zauna na rage mata duka ukun da ta zo da su.

Atamfar fa?

Kada ki bar ta duka a gida. Abin da zan ce ki bari shi ne leshi mai duwatsu, da shadda mai sitaci, da ɗinkin biki mai matse gwiwa, da ɗaurin ɗankwali mai tashi sama. Waɗannan ba su da ɗumi, ba sa shiga ƙarƙashin kwat, kuma za su sa ki fi kowa ƙyalli a ɗaki.

Atamfa guda ɗaya a jiki, sauran kayan su yi shiru, wannan ita ce dabarar. Dogon siket na atamfa mai faɗi, da baƙar suwaita da baƙin mayafi. Ko 'yar kwat ta atamfa mai buɗaɗɗen gaba a kan baƙar doguwar riga. Na ɗinka irin wannan da yawa, har ga 'yan ƙasar, kuma idan na sa tawa ba na rasa mai tsayar da ni ta tambayi inda na samu. Mutanen nan suna girmama abin da aka ɗinka da hannu, wanda mai shi ya san asalinsa. Idan za ki ba da ɗinki, ki zaɓi atamfa mai launi biyu ko uku masu duhu, a wanke ta sitacin ya fita, a sa mata shafi mai kauri, a yi wa siket ɗin aljihu, a kuma bar masa faɗin da za ki iya taka matakalar jirgin ƙasa da dogon wando a ciki.

Idan taron naku na ƙasa da ƙasa ne, irin waɗanda ake yi a ginin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Nordhavn, za ki tarar da 'yan Indiya da sarinsu, 'yan Gana da kentensu. A daren liyafa ki sa cikakkiyar atamfarki da ɗankwalinki, wurinta ne. Sauran ranaku kuwa shigar aiki a nan mai sauƙi ce ƙwarai. Maza ba su cika ɗaura laƙataye ba, mata suwaita da wando ko doguwar riga. Idan akwai namiji a tawagarku, ki gaya masa kaftani mai duhu da dogon wando na ɗumi a ciki da kwat a sama ya yi, amma ya nemi hular ulu mai rufe kunne domin titi, ya ajiye zanna bukar sai an shiga ciki.

Gwal ki taƙaita, 'yan kunne ƙanana da zobe ɗaya sun isa. Kwalliyar fuska ma kaɗan, amma ki riƙe man shafawa mai nauyi da man leɓe, ɗumin ɗaki na busar da fata kamar hunturu. Man kaɗanyarmu ya fi duk abin da na gwada a nan. Sai turare, kuma wannan ina faɗa ne da ƙauna, don ni ma 'yar humra ce. Ɗakunan nan a rufe suke ruf, gilashin tagogi hawa biyu, ulu kuma yana riƙe ƙamshi kwana da kwanaki. Abin da a gida iska za ta kwashe rabinsa, a ɗakin taro zai cika wurin, kuma akwai waɗanda ƙamshi mai ƙarfi ke tayar wa ciwon kai. Ɗigo ɗaya a wuyan hannu ya wadatar. Kada ki kunna turaren wuta a ɗakin otal, na'urar gano hayaƙi za ta tashi. Idan wani ya gayyace ki gidansa, a bakin ƙofa ake cire takalmi kamar a wurinmu, don haka safarki ta zama mai kyau.

Idan sai kin zo za ki saya

Kaya na da tsada a nan. Harajin saye kashi 25 cikin 100 ne, yana cikin farashin da aka rubuta, ba a kuma yin ciniki. Kurona wajen 7 da rabi ke yin yuro ɗaya. Manyan kantuna irin Magasin du Nord da Illum ki shiga ki ba idonki abinci, za ki koyi yadda suke haɗa kaya. Rigunan ciki na ɗumi da safa kuwa akwai su da sauƙi a Uniqlo da H&M a kan Strøget. Domin kwat da suwaita, ki nemi shagunan da aka rubuta genbrug a ƙofarsu, gwanjonsu ke nan. Ƙungiyoyin agaji irin Røde Kors da Kirkens Korshær ke gudanar da da yawa daga ciki, kayan a wanke a rataye, kuma ba abin kunya ba ne, masu kuɗi ma can suke zuwa. Mayafin jesi da abaya kuma titin Nørrebrogade za ki bi, shagunan Larabawa da Turkawa da Somaliyawa na nan a jere. Idan kin sayi sabon abu da ya haura kurona 300 a kanti ɗaya, ki tambaya ko suna ba da takardar mayar da haraji ga baƙi daga wajen Tarayyar Turai, a filin jirgi ake buga mata hatimi ranar komawa. Ki riƙe katin banki, wurare da yawa sun fi son sa a kan tsabar kuɗi.

Iyakar abin da tufafi za su yi miki

Dole in gaya miki gaskiya, kama da wane ba ta wane. Ke baƙar fata ce mai hijabi, a ƙasar da ake yawan muhawara a kan baƙi da Musulunci a siyasa. A Nørrebro ba mai ɗaga kai ya dube ki. A wasu unguwannin, ko a ƙananan garuruwa, za a iya kallonki, kuma babu kwat ɗin da za ta hana. A shekara 11 na gamu da maganar banza 'yan lokuta, na gamu da kirki fiye da yadda zan ƙirga. Yawancin mutanen garin ba ruwansu da kowa, ba sa gaisawa a titi, ba sa hira a bas. Kada ki ɗauki shirunsu a matsayin ƙyamar shigarki, haka suke yi wa junansu.

Kuma duk abin da na faɗa na Kwapanhagan ne da ƙarshen kaka. Wadda za ta je Oslo ko Stokholm a Janairu tana buƙatar shiri mai nauyi fiye da wannan, can sanyin ya fi tsanani kuma ƙanƙara ta fi zama a ƙasa. Wadda za ta zo a Yuli kuma, lokacin da rana ke kaiwa kusan ƙarfe 10 na dare, atamfarta da 'yar rigar ruwa da suwaita ɗaya sun ishe ta.

Abin da ya fi saurin tona baƙo a garin nan ma ba a jikinsa yake ba, a ƙafarsa yake. Tsakanin hanyar masu tafiya a ƙasa da titin mota akwai wata hanya ta uku, ta keke, ɗan tudu kaɗan ya raba su. Baƙi kan tsaya a kanta suna duba waya. Masu keke gudu suke yi, kuma ba sa tsammanin mutum a wurin. Ki duba hagu da dama kafin ki taka ta, musamman lokacin sauka daga bas.

Ranar tafiya, kada ki sa kwat ɗin a babban akwati. Ki riƙe ta a hannu ki shiga jirgi da ita, safar ulu da mayafin wuya da safar hannu kuma a jakar hannu, takalmin a ƙafarki. Akwati kan yi lattin isowa, musamman idan an sauya jirgi a hanya. Kafin ki fita daga Kastrup, filin jirgin saman Kwapanhagan, ki shiga bayi ki sa rigar ɗumin a ciki. Jirgin metro daga can zuwa tsakiyar gari kamar minti 15 ne, kuma iskar farko a bakin tasha za ta tare ki.